Ku Tambayi Inna: Garkar Ƙungiya a Bakin Bazara

Salamu alaikum, masu karatu. Hazo ya janye, sanyin asuba ya tafi, kuma tun makon jiya na ga salatin da ya rage a fangalina ya fara miƙa wuya sama yana neman yin fure. Duk wanda ya taɓa noman garka a Damagaram ya san ma'anar wannan: bazara ta kawo kai. Saƙonnin da suka zo mini a wannan wata kusan duk a kan garkar ƙungiya suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Kamar kullum, na cire sunaye, na kuma taƙaita tambayoyin.

Tambaya: Inna, mu samari ne goma sha ɗaya a wata fada a Zango. Mun gaji da zaman shan shayi, mun yanke shawarar yin garka. Yayan ɗayanmu da ke Faransa ya aiko mana da iri a ƴan takardu: salati, karoti, shu da tumatir. A bayan takardun an rubuta a shuka daga Maris zuwa Mayu. Muka ce bari mu tambaye ki kafin mu zuba.

Amsa: Ƴaƴana, Allah ya yi muku albarka da kuka tambaya tun ba ku zuba ba. Ku mayar da irin nan ku ajiye. Abin da aka rubuta a bayan takardar ba ƙarya ba ne, amma don manomin Faransa aka rubuta shi. Can a watan Maris ne ƙasa take farfaɗowa daga sanyi mai daskarar da ruwa, rana ta fara ɗumi-ɗumi, itatuwa su yi toho, kowa ya fito da kayan aikinsa. Masu fassara sukan kira wannan lokaci bazara don ba mu da wani suna da za mu ba shi, daga nan kuma ruɗanin yake tasowa. Bazararmu daban ce. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40 da rana, daren ma ba ya hucewa. Irin salati, in ɗumin ƙasa ya wuce digiri 30, sau da yawa ƙin tsirowa yake yi, wanda ya daure ya tsiro kuma sai ya zarce sama, ya yi fure, ganyen ya yi ɗaci. Shu, wanda ƴan uwanmu na Kano ke kira kabeji, ba zai naɗe kai ba, tsutsa ce za ta more shi. Tumatir kuwa zai yi ganye da fure har ku fara murna, sannan furen ya kakkaɓe, domin zafin dare yana hana shi kama ƴaƴa.

Lokacin da ya yi daidai da nasu a wurinmu shi ne ƙarshen damina zuwa kaka. Ana zuba renon tumatir da shu da salati daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu. Renon albasa ya fi daɗewa, kwana 40 zuwa 45, a dasa ta a Nuwamba ko Disamba, a cire a Maris ko Afrilu. Karoti ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake yafa shi. Haka na taso na ga mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana yi a garkarsa ta Mirya. Da an yanke hatsi an ɗaure dammuna sai ya koma bakin rijiya da gugarsa, ba ya barin wurin sai zafi ya kore shi. Noman rani tsoho ne a ƙasarmu, sai dai bayan farin 1984 ne gwamnatin Seini Kunce ta yaɗa shi ko'ina don mutane su sami abin kaiwa baka kafin damina. Ni shaida ce, ina ƙaramar malamar makaranta a lokacin, na ga garuruwan da ba su taɓa cin shu ba sun koyi nomansa a shekara ɗaya.

To, ban ce ku koma gindin butar shayi har Oktoba ba. Bazara tana da nata kayan. Kubewa zafi take so, cikin kwana 50 zuwa 60 ta fara ba ku ƴaƴa. Alayyahu mako uku zuwa huɗu ne ku fara yanka. Yakuwa, rama da lalo duk suna jurewa, kuma a wannan lokaci ganye yana tsada a Kasuwar Dole domin masu shi sun yi ƙaranci. Sai zogale, wanda in ni ce ku da shi zan fara. Ku shuka shi a layi a gefen da iska mai zafi ke shigowa, in ya kai ƙugu ku datse kansa don ya yi rassa. Shi ne abinci, shi ne kuɗi, shi ne kuma zai zama inuwar renonku a watan Satumba.

Fangali huɗu ko biyar sun ishe ku bana. Sauran ƙarfinku ku zuba shi a kan shinge da taki. Akuyar Damagaram ba ta da kunya, in ta sami kafa ɗaya aikin wata biyu zai tafi a yini guda. In babu kuɗin ragar waya, ku yi darni mai kauri ku tokare shi da ƙaya. Sannan ku haƙa rami wanda zurfinsa ya kai ƙugu, ku dinga tara kashin awaki da na shanu, da kara, da ciyawa, da ɗan toka, hawa-hawa. Ramin taki yana shan ruwa, don haka ku tara kayan yanzu ku bar damina ta jiƙa muku shi kyauta, ku riƙa juya shi duk mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari, ya dinga marmashewa a hannu. Ɗanyen kashi kada ya shiga fangalinku, yana ƙona saiwa, yana kiran gara, yana kawo irin ciyawa.

Irin Faransa kuwa ku sa shi a kwalba mai murfi, ku ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba. A tsakiyar Satumba ku ƙirga ƙwaya 20 daga kowane iri, ku naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ku duba bayan mako ɗaya. Adadin da ya tsiro shi zai gaya muku ko za ku dogara da shi ko za ku nemi wani.

Tambaya: Inna, mu mata ashirin da huɗu ne a Garin Malam, ni ce shugaba. Mun fara garka da sanyi cikin murna. Yanzu rabinmu ba sa zuwa ban ruwa, masu zuwa kuma sun ce ba za a raba amfani daidai da su ba. In famfo ya ɗauke sai mun sayi ruwa wajen ƴan garuwa, asusu ya ƙare. Har an fara kai ƙara wajen mazaje. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki ta taɓa ni, domin abin da kika faɗa na gan shi da idona a ƙungiyarmu. Shekararmu ta farko mun ce komai na kowa ne: fili ɗaya, aiki ɗaya, rabo ɗaya. Da sanyi ba a sami matsala ba, ban ruwa da hira ne. Da zafi ya shigo sai ya zama mu biyar ne ke ɗibar ruwa safe da yamma, ranar rabo kuwa kowa ta zo da kwanonta. Mata biyu da suka girma a zaure ɗaya suka daina gaisawa har bayan sallah. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne, da na bi su gida-gida, na tarar yawancin waɗanda ba sa zuwa ba lalaci ne ya hana su ba. Wata tana jinyar surukarta. Wata ƙosai take soyawa da asuba, in ta bar kaskon ta zo garka ƴaƴanta ba za su karya ba. Mu ne muka tsara aikin kamar kowa zamanta ɗaya da na ƴar uwarta.

Ga abin da ya gyara mana. Kowace mace aka ba ta fangalinta, ita ke shukawa, ita ke ban ruwa, ita ke cin amfaninsa. Abin da ya rage na tarayya shi ne rijiya, shinge, ramin taki, wurin reno da kayan aiki. Sai muka ware fangali biyu na ƙungiya, ana ba su ruwa bi da bi, duk abin da aka sayar daga cikinsu asusu yake shiga. Muka kuma haɗa mata biyu-biyu, mai hali da safe da mai hali da yamma, su riƙa taimakon juna. In mace ta yi kwana uku ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba, abokiyarta ta ci gaba da ba fangalin ruwa, rabin amfanin ya zama nata. Mun faɗi wannan a gaban kowa, kowa ta amince da bakinta, aka rubuta a littafi. Tun daga nan ba a sake kai ƙararmu wajen maza ba. Ki kira taro ki kawo wannan shawara, amma kafin taron ki ziyarci waɗanda suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da mace za ta gaya miki a tsakar gidanta ba za ta faɗe shi a gaban mutum ashirin ba.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce uwar matsalarku. Mu a garin nan a kan dutse muke zaune. Duwatsun nan da baƙi ke ɗaukar hoto a Birni su ne a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma dutse irin wannan ba ya riƙe ruwa sosai. Shi ya sa ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka kai Yamai a 1926. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kusan duk tsakanin Yuli da Satumba. Wanda ke garka a Mirya, ko Gidimuni, ko kwarin Korama wajen Matamaye da Magarya, inda ruwa ke kusa har ana noman rake, lissafinsa daban ne da naki. Kada ki ga garkarsu ki ce sai kin yi irinta.

Ki zauna da alƙalami ki yi lissafin nan tare da mai riƙe muku kuɗi. Da sanyi, faɗin mita ɗaya a tsawon mita ɗaya yana shan kamar lita 5 zuwa 6 a yini. A Afrilu da Mayu yakan kai lita 8 zuwa 10. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10 ke nan yana neman lita 80 zuwa 100 kowace rana, wato bido huɗu masu cin lita 25. In kowace ɗayanku tana da fangali ɗaya irin wannan, ku ashirin da huɗu kuna bukatar bido kusan 96 a yini. Ki ninka da kuɗin bido a unguwarku ranar da famfo ya ɗauke, ki ninka da kwana 30, sai ki dubi abin da ganyen zai kawo a kasuwa. Ina da yaƙinin za ki ga inda asusunku ya tsiyaye. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ƙanwata. Garkar da ke rayuwa da ruwan saye a bazara cin uwar kuɗi take yi.

Shawarata ita ce ku rage garkar zuwa kashi ɗaya cikin uku daga yanzu har ruwa ya sauka. Wannan ba gazawa ba ce, masu garka na gado ma haka suke yi. Ku zaɓi fangalin da suka fi kusa da ruwa da inuwa, ku sa musu zogale, kubewa da alayyahu. Ku yi su masu ɗan zurfi, bakinsu a tashe, don ruwa ya zauna a ciki. Ku rufe ƙasar da kara, ko busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa uku ko huɗu, ku bar ɗan fili a gindin shuka saboda gara. Ki sa hannu ƙarƙashin wannan shimfiɗa da azahar, za ki ji sanyi da danshi alhali gefe ya ƙone. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a ba shi sosai ya nutse, ya fi yayyafi sau uku da tsakar rana. In kun ga farin gishiri-gishiri kamar kanwa yana fitowa a saman fangali, yayyafin nan yana cikin abin da ke tara shi. Zana guda a kan sanduna huɗu ta gefen yamma tana rage wa shuka azaba.

Abu ɗaya nake roƙonku. Na san in ruwa ya yi wuya ido yakan koma kan tabkunan cikin gari. Ruwan nan ya haɗu da na kwata. Kada ku zuba shi a kan salati ko wani ganye da ake ci ɗanye, ƴaƴanmu ne za su ci.

Asusu kuwa, ku yi koyi da tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, yau ga shi kusan ko'ina a ƙasar nan. Zubi kaɗan kowane mako, a ƙirga kuɗi a gaban kowa, a faɗi jimla da ƙarfi. Akwatinmu kwaɗo uku ne da shi, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana ɗakin ta huɗu. Ba don muna zargin kowa ba, don kada a bar ƙofar da zargi zai shigo. Kuma tun da sanyi, lokacin da salati ke kawo kuɗi, ake ware na ruwan bazara a ajiye gefe.

Tambaya: Hajiya, garkar ƙungiyarmu tana kan hanyar Mirya. Ganyen tumatir ya yi fari-fari kamar takarda, ƴaƴan kuma suna da ƴan huji, in an fasa sai a ga tsutsa. Na fesa piya-piya sau biyu, ba ta mutu ba. Me zan ƙara?

Amsa: Malam, kada ka ƙara komai, ka fara da daina piya-piya. Guba ce mai ƙarfi, ba don abin da za a kai tukunya gobe ake sayar da ita ba, kuma kai mai fesawa kai ne na farkon shaƙa.

Abin da ka kwatanta ya yi kama da tsutsar da manoma ke kira sharon. Ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ne mai tashi da dare yake yin ƙwai a ganye, tsutsar ta huda ta shige tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, ta cinye tsakiya. Farin da kake gani fatar ce kawai ta rage. Tana can ciki a ɓoye, shi ya sa feshi ba ya isa gare ta yadda ya kamata, ga shi kuma ta saba da magunguna da yawa. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an gan ta a Sifen a 2006, ta bazu zuwa Afirka, a 2016 ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarnar da har yau ba su manta ba. Da zafi ta fi saurin hayayyafa.

A wannan lokaci na shekara tumatirinka ya riga ya ba da abin da zai bayar. Ka tsinke masu kyau, ka tumɓuke sauran, a ƙone ko a binne da zurfi. Kada a jibge su a bakin shinge, nan ne za ta kwana ta jira na baɗi. Kuma nan ne amfanin ƙungiya yake: ku sa rana ɗaya kowa ya cire nasa. In mutum tara sun share, na goma ya bar tsohon tumatir don ƴan ƴaƴa biyar da yake jira, ya ajiye wa kowa irin tsutsa. Wurin da aka cire kada a mayar da tumatir, ko yalo, ko tattasai, ko dankalin Turawa, duk dangi ɗaya ne. A sa kubewa ko masara yanzu, albasa da sanyi.

Don baɗi, ku tara ƴaƴan dogon yaro idan sun nuna sun zubo, ku wanke ku shanya a inuwa. Rabin kilo na ƙwayar, a daka, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, duk mako. Tun shuka tana ƙarama ake farawa, domin rigakafi ne, ba ya tayar da abin da ya riga ya lalace. Duk ganyen da ka ga fari ya fara fitowa, ka cire shi da hannu tun da wuri. In dole sai maganin kanti, ka je wajen malaman gona na ma'aikatar noma su nuna maka wanda kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel ya amince da shi, ka kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da tsinka.

Tambaya: Inna, wani Alhaji a unguwarmu ya ba ƙungiyarmu aron fili, ya ce mu yi ta noma har illa ma sha Allah. Muna son mu haƙa rijiya mu dasa mangwaro da lemo. Wasu sun ce a nemi takarda, wasu sun ce rashin kunya ne a tambayi mai kyauta takarda.

Amsa: Ɗiyata, Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ku kuma nemi takardar. Na san wata ƙungiya da aka yi wa irin wannan karamci. Suka haƙa rijiya da kuɗin zubinsu na shekara biyu, suka dasa itatuwa. Mai filin ya rasu, magada suka raba gado, aka yanka wurin aka sayar. Magadan ba su yi zalunci ba, haƙƙinsu ne, kuma babu wani abu a rubuce da ya nuna alkawarin mahaifinsu. Matan suka tashi da bokitansu kawai. Har yau in na bi ta wurin na ga mangwaron nan ya leƙo ta saman katangar wani, sai raina ya sosu.

Takarda kariya ce ga Alhaji kansa, kuma haka za ku gabatar masa da maganar. Kun san a al'adarmu dasa itace a fili kamar alamar mallaka ce, ƴaƴansa za su iya shiga fargaba ko da ba su faɗa ba. Takardar aro tana tabbatar da cewa filin nasa ne, ku baƙi ne a ciki. A rubuta shekara nawa ne aron, ko an yarda a haƙa rijiya a dasa itace, da yadda za a yi da su in wa'adi ya cika, da watannin da za a ba ku na shiri kafin a karɓa. Manyan ƴaƴansa su halarta, da mai unguwa, da liman. Dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye da ake kira kofo, suna ba da irin wannan shaida ta aro ko haya. Ku fara da mai unguwa da ofishin magajin gari, za su nuna muku wanda ya shafe ku. Ku tura dattijai biyu da ɗan goro da kwandon amfanin garka, kada ku tafi ku duka kamar masu kai ƙara.

Tunda kuna wannan tafiya, ku yi wa ƙungiyar rajista gaba ɗaya. A dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta 2010 ta OHADA, wato hukumar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da tamu, mutum biyar sun isa su kafa ƙaramar ƙungiya. Da sunanta za a rubuta takardar, ba da sunan shugaba ba. Mangwaro da lemo ku jira sai an sa hannu, ku dasa su a farkon damina.

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Karkada. Muna da ƴar garka ta ƴan makaranta, amma duk babban hutu sai ta mutu.

Amsa: Mushe, na yi wannan aiki shekaru, na san zafinsa. Babban hutu a damina yake faɗowa, to ka bar damina ta yi maka gadi. Kafin a rufe makaranta ka cire duk abin da ke neman hannu kullum, ka shuka zogale, yakuwa da wake. Ka nemi iyaye biyu da ke maƙwabtaka da makaranta su riƙa cire ciyawa suna tsinkar ganye a matsayin ladansu. Ƙofar shinge ita ce abin dubawa. In an dawo a Oktoba, yara su zuba reno da hannunsu, ka sa su auna fangali da mita su lissafa litar ruwa. Darasin lissafi ne wanda ba sa mantawa.

Tambaya: Ƴar uwa, ni tsohuwa ce a Birni, gwiwoyina ba sa kai ni garkar ƙungiya yanzu, ga shi na saba da taɓa ƙasa. Tsakar gidana ƙarama ce, ruwa kuma sai an saya. Akwai abin da zan iya?

Amsa: Yaya, akwai, kuma ba zai sa ki sunkuya da yawa ba. Ki aiki jikanki ya sayo miki tulu biyu ko uku irin na Mirya, na yumɓu zalla wanda ba a shafa masa fenti ko siminti ba, irin mai yin gumi in an zuba ruwa. A haƙa rami a gefen da ke samun inuwa da yamma, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a binne tulun har wuya. Ki cika shi da ruwa ki rufe bakin da murfi saboda sauro. Gumin nan da ke sanyaya mana ruwan sha shi ne zai riƙa tsattsafowa cikin ƙasa a hankali, saiwa ta bi danshi ta zo ta rungumi tulun. Rana ba ta shan komai a ciki, domin ruwan bai taɓa fitowa sama ba. Ki shuka kewaye da shi, tazarar tafin hannu ɗaya ko biyu daga jikinsa: kubewa uku, ko yakuwa, ko barkono, da ɗan alayyahu a tsakani. Kwanakin farko ki ɗan yayyafa a sama har su tsiro su kama. Daga nan sai leƙa tulu duk kwana biyu ko uku, in ya yi ƙasa a ƙara. Kina zaune a kan kujera ƴar tsugune za ki yi wannan da moɗa.

Ruwan da kika wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala, kada ya tafi kwata. Ki sa zogale ɗaya ko biyu a inda kike alwala, za su ishe ki kwaɗo da miya. Ruwan wanki mai sabulu ne kawai ban so ya shiga tulun, yana toshe ƙofofin yumɓun, yana kuma ɓata ƙasa.

Sannan kada ki bar ƙungiyar, su ma kada su bar ki. A tamu akwai dattijuwa biyu da ba sa iya ɗaukar bokiti, su muka ba ajiyar iri. Kowace kaka su ke zaɓen kubewar da za a bari ta bushe a jikin uwa, su ɓare, su gauraya da toka, su zuba a kwalabe. Su ne kuma suka san cewa irin kanti mai alamar F1 ba a ajiye ƴaƴansa, domin abin da zai fito baɗi ba zai yi kama da uwarsa ba. Renon zogale ma a tsakar gidajensu ake yi, cikin ƴan ledoji a gindin katanga, mu zo mu kwashe in sun kai tsawon taƙi. Ki aika wa shugabarku ki ce kina son wannan aiki, ki ce su kawo miki ledoji da taki kafin ƙarshen Afrilu, don dashen ya isa fita da ruwan farko.